Mandau na gargajiya ko wanda aka ce yana da hannun Japan: wanne ya fi dacewa mutum ya zuba kuɗinsa a kai?

Wani abokina da muke sha'awar tsofaffin makamai tare ya turo min hotuna kwanakin baya, takubba biyu a hannun dillali ɗaya, duka an rubuta daga tsibirin Borneo suke kuma wai na mutanen Dayak ne. Na farko shi ne mandau na gargajiya, gajere, ƙotarsa ta ƙaho an sassaƙa ta, ga tuntun gashi na reto, kuben katako an ɗaure da igiya. Na biyu ya fi tsawo, siriri, ya ɗan lanƙwasa irin na sojan Japan, har da wani faifan ƙarfe tsakanin ƙota da ruwan takobin, amma ƙotar da kuben duk aikin Dayak ne. Dillalin ya ce na biyun "na lokacin yaƙi" ne, kuma ya tsuga masa kuɗi fiye da na farko. Abokin nawa kuɗin ɗaya gare shi, ya ce in zaɓar masa. To ni ba na zaɓar wa mutum abin da zai kashe kuɗinsa a kai, amma ga yadda nake auna su.

Da farko dai Dayak ba ƙabila ɗaya ba ce, suna ne da aka yafa wa al'ummu da yawa na cikin Borneo, akwai Iban, Kayan, Kenyah, Ngaju, Bahau, Bidayuh da sauransu, kowa da harshensa. Tsibirin kuma yau ƙasashe uku ke rabe da shi, Indonesiya ta ɗauki kaso mafi girma wato Kalimantan, Malesiya na da Sarawak da Sabah, sai Brunei 'yar ƙarama. Takobin da aka fi sani shi ne mandau, a Sarawak kuma za ka ji ana ce masa parang ilang, Kayan na cewa malat, Kenyah na cewa baieng. In dillali bai ma san waɗannan sunayen ba to ka fara lura da shi tun daga nan.

Abin da ya sa nake son mandau na gargajiya shi ne, abu ne da ido da hannu za su iya yi masa hukunci. Ruwansa ba kamar addarmu ba ne da gefe biyu suke daidai, shi gefe ɗaya ya ɗan kumburo ɗayan kuma ya ɗan lotsa ciki, saboda haka akwai na mai dama akwai na bahago, in ka ɗauki wanda ba na hannunka ba sara ba zai tafi yadda kake so ba. Yana fara siriri daga wajen ƙota sai ya riƙa faɗi yana zuwa baki, nauyin na gaba kenan, tsawon ruwan yawanci wajen rabin mita ne ko ya ɗan ɗara. A masu kyau za ka ga ɗigo-ɗigon tagulla an dasa a jikin ƙarfen, bayan ruwan kuma wajen baki an yi masa ado na lanƙwashe-lanƙwashe an huda an fere, aikin da ke cin kwanaki. Mutanen Kayan da na Kenyah sun shahara da ƙira, da can su da kansu suke narka tamarsu kafin ƙarfen turawa ya cika kasuwa, a wajen Ngaju ma har yau ana kambama wani ƙarfe da suke kira mantikei. Ƙotar kuwa ƙahon barewar dajinsu ce ko katako mai tauri, ana sassaƙa siffar aso, wata halitta tsakanin kare da dodo, da kuma siffar matsattsaku, tunda shi ma jini yake sha. Wutsiyar ƙarfen gajera ce, ana cusa ta cikin ƙota a liƙe da ƙaro, ba ƙusa ba komai, sannan a naɗe wajen da siririyar saƙar rotan, irin karan nan da ake kujeru da shi. Babu abin kare hannu ko kaɗan. Kuben, kumpang suke ce masa, katako biyu ne aka haɗa aka ɗaure da rotan, a bayansa kuma akwai wani ɗan aljihu na ɓawon itace inda ake soke ƙaramar wuƙa mai doguwar ƙota, pisau raut, da ita ake sassaƙa da feren rotan.

Duk waɗannan abubuwan kana iya dubawa ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ɗaruruwan irinsu da ke gidajen tarihi na Kuching da Leiden da Amsterdam da Landan, waɗanda an san shekarar da aka ɗauko su. Wannan shi ne babban ƙarfin na gargajiya, yana da 'yan'uwa da za su yi masa shaida.

Shi kuwa na biyun, labarinsa ya rataya ne a kan shekara uku da 'yan watanni. Japan ta sauka Miri ranar 16 ga Disamba 1941, man fetur take nema ba wani abu ba, kafin ƙarshen watan ta kama Kuching, a Janairun 1942 ta ci Tarakan da Balikpapan da Pontianak, Banjarmasin ta faɗi a Fabrairu. Suka raba tsibirin biyu, arewa inda Ingila ke da iko sojan ƙasa suka riƙe, kudu inda Holan ke mulki kuma sojan ruwa. Mulkin bai yi daɗi ba sam. A yammacin Kalimantan tsakanin 1943 da 1944 sun kwashe sarakuna da likitoci da 'yan kasuwa da masu ilimi suka kashe, har da Sultan na Pontianak, da yawa a Mandor aka binne su, shi ya sa har yau lardin ke zaman makoki duk ranar 28 ga Yuni. A 1945 Dayak na yankin Sanggau suka tashi, Pang Suma na cikin jagororinsu, aka gwabza a Meliau, shi ma a yaƙin ya rasu, yanzu filin jirgin Putussibau sunansa yake ɗauke da shi. A arewa kuma ranar 25 ga Maris 1945 Tom Harrisson, wani hafsa ɗan Ingila, da 'yan tawagarsa suka diro da lema a Bario cikin tsaunukan Kelabit, suka tara mutanen daji suka ba su bindigogi. Al'adar yanke kan abokin gaba, ngayau, wadda Turawan sarakuna na gidan Brooke suka daɗe suna murƙushewa a Sarawak, a ɓangaren Holan kuma aka yi taron sulhu na Tumbang Anoi a 1894 don a daina ta, sai ga ta ta dawo na ɗan lokaci a kan sojan Japan. Ostireliya ta sauke dakaru a Tarakan 1 ga Mayu, Labuan 10 ga Yuni, Balikpapan 1 ga Yuli, sannan ranar 10 ga Satumba 1945 Janar Baba Masao na Japan ya miƙa wuya a Labuan ga Janar Wootten na Ostireliya.

Kun ga kenan ba ƙarya ba ne a ce makaman Japan sun faɗa hannun Dayak, sun faɗa, ta ganima da ta tsintuwa da ta musaya. Kuma maƙeri ko'ina yake ba ya ganin ƙarfe mai kyau ya ƙyale. Mu ma nan tsofaffin takubbanmu da yawa ruwansu daga Turai ya zo ta hamada, wasu daga Solingen ta Jamus, maƙeranmu da dukawanmu suka yi musu ƙota da kube, ba wanda ya ce ba takobinmu ba ne. Matsalar ita ce kalmar nan "tasirin Japan" dillalai sun maida ta buhu, komai ake zubawa a ciki, alhali abu uku ne daban-daban.

Iri na farko shi ne wanda ruwansa na Japan ne da gaske, an cire masa kayansa an saka masa ƙotar ƙaho da kuben Dayak. Wannan shi ne mai tsada kuma shi ya fi sauƙin ganewa in ka san takobin sojan Japan, gunto. Na hafsoshin ƙasa akwai samfurin 1934 da na 1938, na ƙananan hafsoshi samfurin 1935 wanda inji ya buga, ƙotarsa yawanci alminiyam, da lamba a jikin ruwan kusa da gindi, na sojan ruwa kuma samfurin 1937. Ruwan gunto ya kan kai santimita 65 zuwa 70, gefe biyu daidai suke, akwai layi da ya bi tsawonsa, bakinsa kuma an yanke shi da wani ɗan layi a gicciye. Wutsiyarsa doguwa ce da huda inda ake soka ɗan tsinken gora, a nan ake samun sa hannun maƙeri ko tambarin dubawa irin na Seki ko na Showa. To ga inda gizo ke saƙa, ƙotar mandau gajera ce kuma a lanƙwashe, doguwar wutsiyar gunto ba za ta shiga ba sai an datse ta, in an datse kuwa sa hannun ya tafi, sannan an liƙe sauran da ƙaro ba za ka iya zarewa ka duba ba sai ka lalata ƙotar. Wato shaidar da masu tara kayan Japan suka fi dogara da ita, a nan a rufe take ruf. Wuƙar bakin bindigar sojan Japan, Arisaka, ta fi sauƙin sha'ani, ruwanta santimita 40, miƙaƙƙe, da kwari a jiki da tambarin masana'anta a gindi inda ido ke gani, kuma tsawonta ya fi dacewa da kuben Dayak.

Iri na biyu shi ne wanda maƙerin Borneo ya ƙera da kansa yana kwaikwayon abin da ya gani a ƙugun hafsan Japan, ya ja ruwan ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya saka faifan kare hannu mai kama da tsuba, wani lokaci har da ɗan zoben tagulla a gindi mai kama da habaki. Ni a wajena wannan ya fi ban sha'awa, don a nan ne ake ganin tunanin maƙeri, amma shi ya fi wuyar sa wa shekara. Mutumin da ya ga gunto a 1943 zai iya ƙera irinsa a 1944, zai iya ƙerawa a 1960, ɗansa ma zai iya a 1985 da ƙarfen sifirin na mota, kuma tsatsar daji mai ruwan sama kullum ba ta da wuyar tsufar da ƙarfe, shekara goma ta ishe shi ya yi kamar na kakan kaka.

Na uku kuma, wanda ba ruwansa da Japan ko miskala zarratin, kama ce kawai. Mutanen Murut na arewacin Borneo na da takobi pakayun, dogo siriri mai lanƙwasa, har da abin tagulla a gindin ƙota, wanda bai sani ba yana gani zai ce katana ce, wato takobin Japan. Amma Robert Shelford, mai kula da gidan tarihin Sarawak, ya lissafa shi cikin takubban ƙasar tun 1901, shekara 40 kafin sojan Japan ya taka Miri. Haka niabor da langgai tinggang da jimpul na Iban duk masu lanƙwasa ne tun asali. Abin dariyar shi ne pakayun na gaske ba shi da yawa, yana da darajarsa shi kaɗai, dillalin da ya manna masa labarin Japan rage masa daraja ya yi bai sani ba.

Yanzu in an zo maganar jabu, kowanne na da nasa ciwon. Mandau na 'yan yawon buɗe ido sun cika kasuwa, ana yinsu a Kalimantan da Sarawak har gobe, amma ba su da wuyar kamawa, ruwan falle ne gefe biyu ɗaya, adon an ƙwarzana shi sama-sama ko an ci shi da asid, sassaƙar ƙotar ba zurfi, an shafa baƙin mai don ya yi kamar tsoho, rotan ɗin kauri-kauri, gashi kuma an cika shi kamar tsintsiya. Tsohon gaske ƙahonsa ya yi santsi ya yi launin zuma inda tafin hannu ke kamawa, saƙar rotan ɗin siririya ce matsattsiya, dattin da ke cikin ramukan sassaƙa ya daskare ba ya fita da ɗan yatsa. In ka kalli hotunan na gidan tarihi na sati biyu idonka zai fara rarrabewa. Jabun mai haɗin Japan kuwa ya fi mugunta, domin ana iya haɗa shi da kaya na gaske duka biyun. A samo karyayyen gunto da ba mai so, a samo tsohuwar ƙotar mandau da ruwanta ya mutu, a haɗa da ƙaro a ƙona wajen kaɗan, shikenan an haifi "takobin jarumin da ya kashe hafsan Japan". Kowane ɓangare tsoho ne, auren ne sabo. Abin da za ka duba shi ne wajen haɗin, ƙaron ya tsufa ya tsattsage daidai da sauran ko kuwa yana ƙyalli, sannan kuben an fafe shi ne don wannan ruwan ko ruwan na rawa a ciki, bakin kuben ya ci daidai inda bayan ruwan ke gogarsa ko a'a. Ga kuma gunto na jabu da ake bugowa daga Chaina da rubutun da ba ya karantuwa, har a Indonesiya akwai wata tsohuwar damfara ta "samurai" mai naɗewa kamar bel wai Japanawa suka bari, ana kiran kuɗi na fitar hankali, wannan bai kamata ya ishe ka kallo ba.

Wata tambaya da nake so mutum ya yi wa dillali ita ce daga wane yanki abin ya fito. In ya ce daga kogin Kapuas ko Mahakam, can sojan ruwa suka yi mulki, in ya ce daga Baram ko Rajang, can sojan ƙasa ne. Ba hujja ce yankakkiya ba tunda dakaru sun yi ta yawo musamman a ƙarshen yaƙi, amma salon sassaƙar ƙota da irin ruwan da labarin ya kamata su zauna a tabarma ɗaya. Sannan kalmar "wani soja ne ya dawo da shi" ita ma a bi ta a hankali. Sojan Ostireliya sun koma gida da takubba a 1945, gaskiya ne, shi ya sa gwanjon can ba ya rabo da kayan Borneo, amma sojan Ingila ma sun zauna a Sarawak da Sabah daga 1963 zuwa 1966 lokacin rikici da Indonesiya, su ma sun sayo tsaraba. Wane soja, wace shekara, akwai hoto ko wasiƙa ko takardar izinin ɗauko ganima? In akwai, farashin ya halatta. In babu, kuɗin ƙarfe da ƙaho kawai za ka biya.

Wajen sake sayarwa ma akwai bambanci da mutane ba sa tunawa sai sun so rabuwa da abu. Mandau mai kyau na kafin yaƙi kasuwarsa a buɗe take, masu tara kayan gargajiya na so, masu tara makamai na so. Mai haɗin nan kuwa ya faɗa tsakanin kujeru biyu, masu kayan Japan suna ganin an lalata ruwan tunda an datse wutsiya an wasa shi da dutse, hukumar da ke ba takubba takardar shaida a Japan wato NBTHK ba ta ma kallon wanda inji ya buga, masu kayan Dayak kuma wasu na ganin ba tsantsa ba ne. Masu sonsa 'yan kaɗan ne, masu bin tarihin yaƙin duniya na biyu, su kuma takarda suke fara tambaya kafin su kalli ƙarfe.

Adanawa duk kusan ɗaya ne, ɗan mai kaɗan a ruwan, kar a kusance shi da sanfefa ko injin wasa, kar a wanke ƙaho. Sai dai wanda ke zaune a irin ƙasarmu ya sani katako da rotan da suka saba da damshin Borneo in hunturu ya buso suna iya tsagewa, kar a rataye shi a bango inda iska ke kaɗawa, a sa shi a akwati ko kabad.

Sai doka, wadda ta fi cizon na gargajiya. Tsofaffin mandau sukan zo da gashin tsuntsun nan ɗan'uwan cilakowa da burtu, ko haƙoran damisar daji da na beyar, waɗannan kuwa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun dajin da ke barazanar ƙarewa, kwastam na iya riƙe kayan gaba ɗaya saboda gashin tsuntsu guda. Indonesiya na da dokar kayan tarihi mai lamba 11 ta 2010, fitar da tsohon abu daga can ba kamar sayen riga ba ne, shi ya sa ya fi kwanciyar hankali ka saya daga tarin da ya daɗe a waje. Shi kuma dogon mai lanƙwasa in zai bi ta Ingila, tun 2008 suna da doka kan takobi mai lanƙwasa da ruwansa ya kai santimita 50, akwai togiya ga tsofaffi da waɗanda aka ƙera ta hanyar gargajiya amma kai za ka kawo hujja. Kuma kowa ya tambayi kwastam na ƙasarsa kafin ya tura kuɗi, ba bayan kaya sun iso ba.

To wa ya kamata ya sayi wanne? In wannan ne takobinka na farko daga Borneo, ko kana son abin da za ka kalla ka ji daɗin aikin hannu, ko kana tunanin wata rana za ka sayar, ɗauki mandau na gargajiya, ko da mara ado da yawa ne, in dai ruwan na da kumburi da lotsawar nan, ƙotar ta tsufa da gaske, in an samu da 'yar wuƙarsa a baya to ka yi sa'a don yawanci ta ɓace. In kuwa kana da biyu-uku a gida, idonka ya buɗe, kuma tarihin yaƙin ne ke jan ka, kamar ni da nake jin wani abu game da duk abin da ya shafi sojan Japan saboda kakanninmu da aka kwasa zuwa Burma suka yaƙe su a can, to mai haɗin na iya zama abin da ya fi komai daraja a tarinka, da sharaɗin ya zo da shaidar da ba bakin dillali ba. Tsakanin iri ukun nan kuma, in ba takarda, na fi yarda da mai wuƙar bakin bindiga tunda tambarinsa a fili yake kuma ba a cika tsuga masa kuɗi ba, sai na kwaikwayo in an sayar da shi a matsayin abin da yake, wato aikin maƙerin Borneo na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ba tare da an rantse min da 1944 ba.

Abokin nawa na ce ya nemi hoto huɗu na dogon, gindin ruwan ta gefe biyu, wajen ƙaron da kusa, bakin kuben, da ruwan a kwance kusa da tef ɗin awo, ya kuma tambayi sunan sojan da aka ce ya kawo shi. Hotuna uku suka zo, na ƙaron bai zo ba, sunan soja kuma aka ce iyalan ba sa so a faɗa. Na gajeren kuwa ko tambaya bai gama ba aka turo guda goma sha biyu har da na cikin aljihun 'yar wuƙar. Jiya ya kira ni yana tambaya ko man keken ɗinki zai yi wa ruwan mandau, na ce zai yi, ya dai goge shi sosai kafin ya maida kube.